Wane suna za a ba ƙarfen da aka dasa a ƙwaƙwalwa?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani saurayi ɗan Aboabo da ke koyon gyaran mota a Suame Magazin nan Kumasi. Ga abinda ya rubuto: "Malam barka da aiki. Ina rubuta labari da Hausa, labarin zamanin da bai zo ba tukuna, inda ake buɗe kan mutum a sa mishi wani ɗan ƙarfe a ƙwaƙwalwa, daga nan sai ya dinga tuƙa tirela da jirage marasa matuƙi da mutum-mutumi da tunani kawai, hannunshi bai taɓa sitiyari ba. Abokaina sunce in kira abin laya, ni kuma cip nake ta rubutawa. Wanne ne daidai?"

To ɗana Allah ya yi maka albarka, naji daɗin wannan tambaya sosai domin yaran zango da ke zama su rubuta dogon labari da Hausa basu da yawa, balle irin wannan. Laya dai ka ajiye ta gefe. Laya rubutu ce ake naɗewa a ɗinke cikin fata a rataya a wuya ko a ɗaura a damtse, a waje take, kuma duk wanda ya ji sunanta hankalinshi kan asiri zai tafi, sai mai karatu ya ɗauka jarumin naka hatsabibi ne alhali kai labarin aikin likita da injiniya kake bayarwa. Cip kuma ba laifi bane a matsayin aro, amma ka tuna nan Gana in ka ce cip layin waya kowa zai fahimta, wanda ake saya a bakin kasuwar Kejetiya a sa cikin tarho.

Aikin sawa ɗin kansa yana da suna tuntuni, dashe. Manomi ya san bambancin shuka da dashe, shuka iri ake zubawa a rami, dashe kuwa abu ne da ya riga ya tsiro a wani wuri aka ciro shi aka kafa a sabuwar ƙasa, irin yadda ake yi wa albasa da tumatir da shinkafa, shi yasa da likitoci suka zo da nasu aka ce dashen ƙoda kowa ya gane nan take. Kuma duk inda aka yi dashe tambayar da ke biyo baya ita ce ya kama ko bai kama ba, wannan tambayar kuwa ita ke damun masu yin abin a zahiri, domin abin da kake ƙagawa ɗin an fara taɓa gefenshi. A 2004 a Amurka an dasa wa wani matashi mai suna Matthew Nagle, wanda jikinshi ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, wani ɗan faranti mai faɗin milimita 4 da ke da allurai kusan 100, ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta da shi. A 2012 aka nuna wata mata Cathy Hutchinson mai irin wannan dashen ta sa hannun ƙarfe da tunani ya ɗauko kwalbar kofi ya kai mata baki ta sha. A watan Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa wa wani majinyaci mai suna Noland Arbaugh nasu, faɗinshi kusan na sidi ɗaya na ƙarfe, da zare 64 waɗanda suka fi gashin kai siranta, bayan 'yan makonni da yawa cikin zaren suka zame daga inda aka kafa su sai da aka gyara lissafin kwamfutar. Jiki ma yakan gina tabo kewaye da baƙon ƙarfe har saƙon ya raunana a hankali. Kaga in wani cikin labarinka ya ce "dashen nashi bai kama ba" ya faɗi gaskiyar likitanci da Hausar da kakarka ma zata gane.

Shi kuma ƙarfen kanshi ni a ganina linzami ya kamata ka kira shi. Kalmar daga Larabci muka aro ta, lijami, amma ta daɗe a bakinmu har ta zama tamu, kuma ta riga ta shiga duniyar injuna, ba ka ji a labaran rediyo ana cewa makami mai linzami ba? Ai makamin da ake sarrafa inda zai dosa kenan. Don haka in ka rubuta linzamin ƙwaƙwalwa, ko cikin hirar samarin labarin kawai su ce "an sa mishi linzami", babu wanda zai ɓata.

Sai dai ina so ka tsaya ka kalli abin da kyau ranar sallah in sarakunan zango sun hau dawaki. Ka dubi inda ƙarfen yake. A bakin dokin yake, kan harshe, bayan haƙoran gaba, in mahayi ya ja sai kaga dokin ya ɗaga kai yana tauna yana kumfa, abinda ke hannun mahayi kamazuru ne, igiyar da ta taso daga linzamin. Wato shi linzami a jikin wanda ake sarrafawa ake sa shi. To a labarinka kuma a kan wa aka sa ƙarfen? A kan mutum. Shi yana ganin shi ne mahayi tirela ce doki, amma wanda ya ƙera abin, wanda ke sabunta manhajar cikinshi, wanda zai iya kashe shi daga nesa in ba a biya kuɗin wata ba, shi ne riƙe da kamazurun. Wannan fuska biyun ce ta sa na fi son linzami akan ragama da akala. Ragama igiya ce ta ɗaure doki ko jan shi, ba ƙarfe a baki, shi yasa ake cewa ya karɓi ragamar mulki, akala kuma ta raƙumi ce, in aka ce wane raƙumi da akala ne ana nufin duk inda aka ja shi nan yake bi. Waɗannan biyun ka adana su ma mugayen labarin da bayinsu.

Akwai karin maganar da zata yi maka amfani, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ana faɗinta ne in an ɗora wa wani abinda ba ajinshi bane, ko ya kai hannu ga abinda ya fi ƙarfinshi. Ranar da ɗan koyo a labarinka ya samu dashen da aka yi don manyan matuƙa ya tashi zai juya motoci goma lokaci guda kanshi ya ɗau zafi, a bakin tsohon ubangidanshi ya kamata wannan magana ta fito.

Tambayar saurayin nan ta biyu ta fi ta farko zurfi. Yace ya rubuta "ya umarci injin da ƙwaƙwalwarsa" sai yayarshi ta ce wannan ba Hausa bace, wai Bahaushe da zuciya yake tunani.

Yayarka tana da kunne, ka riƙa bata tana karanta maka. Mu cewa muke na ce a raina, na ƙudura a zuciyata, yana saƙar zuci, labarin zuciya a tambayi fuska. Ƙwaƙwalwa mun fi kawo ta wajen kaifin fahimta da hadda, yaron nan yana da ƙwaƙwalwa, ko kanshi yana ja. Amma tunda ƙarfen a kai aka dasa shi ba a ƙirji ba, mai ba da labari da likitan ciki su ce ƙwaƙwalwa, jarumin kuma in yana faɗin yadda yake ji sai ya ce a raina na juya ta sai ta juya. Kalmar da ta fi duka dacewa da yadda abin ke aiki kuwa ita ce yunƙuri. Akasarin na'urorin da aka gwada ɗinnan a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da motsin gaɓoɓi ake kafa su, sai a ce wa majinyaci ya yi kamar zai motsa hannu dama, hannun ba zai motsa ba amma ƙwayoyin wurin zasu harba ɗan lantarkinsu, kwamfuta ta dinga koyo har ta gane wannan salon harbin dama yake nufi wancan hagu. Ashe yunƙuri take karantawa, irin na wanda ya yunƙura zai tashi, kuma yunƙuri daban yake da niyya, daban da saƙe-saƙe, daban da waswasi. Labarinka zai yi nauyi in naka linzamin ya wuce na yau har ya kasa bambance waɗannan. Muna cewa magana zarar bunu ce, bunu tsohuwar ciyawar jinka ce wadda in ka zaro ta ba ta komawa inda ta fito, amma ita magana ko ba komai akwai baki da zai iya tsare ta, mutum ya haɗiye fushinshi ya yi shiru. Direban da zuciya ta ɗebe shi a cunkoson Anloga Janshin kuma tirela na jin abinda ranshi ya raya tun kafin ya gama rayawa, me zai tsare shi?

Wata malamar makaranta daga Asawase kuma ta tambayi asalin na'ura, ko Hausa ce. Aro ce daga Larabci, asalinta babbar ƙafar katako ce da ruwan kogi ke juyawa tana ɗebo ruwa zuwa gonaki, irin waɗanda garin Hama na Siriya ya yi suna da su. Daga nan muka faɗaɗa ta ga duk abu mai aiki da kanshi har muka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa. A Hausar Kano mace ce, na'urar ta tsaya. Nan zango da yawanmu sai mu ce mashin ya tsaya, mota ma ya tsaya, malama kar ki doki yara akan wannan, haka Hausar Gana take, ki dai nuna musu ta littafi su san duka biyun. Kai ma mai labari, in samarin Magazin ne ke hira cikin littafinka ka bar su su yi ta da bakinsu na Aboabo, bayanin mai ba da labari ne zaka rubuta da daidaitacciyar Hausa saboda masu karatu na Kano da Maraɗi.