Talabijin Ya Fito da Matsala, Mai Shago Ya Ce Ba a Dawo da Kaya

Saƙonnin wannan makon sun karkata kan talabijin, na ajiye na waya da kwamfuta sai mako mai zuwa.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Malam, na sayi sabon talabijin mai inci 43 a cikin kwalinsa. Kwana goma sha shida da saye sai wani koren layi ya fito daga sama har ƙasa. Na mayar, mai shagon ya nuna mini ƙasan rasit inda aka rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawo da su, ya ce in nemi kamfani. Ina da wata mafita?

Amsa: Kana da ita, Malam, kuma mai ƙarfi. Bari mu fara da layin. Layi guda tsaye, siriri kamar zare, wanda ba ya gushewa ko ka canza tasha, ko ka zare dikoda ka bar rubutun saitin talabijin kaɗai, yawanci daga gilashin yake ko daga siraran wayoyin da ke manne a bakinsa. Ba laifin rimot ba ne, ba na eriya ba ne. In babu tsagewa ko alamar bugu a jiki, wannan aibi ne da ya biyo kayan daga masana'anta.

Sai maganar rasit. Akwai dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye da tabbatar da gasa a kasuwanci, ta shekarar 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar CPC. Sashe na 132 ya ba mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya ya mayar da su wurin wanda ya sayar masa in sun fito da aibi, ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyan mai sayarwa take. Shi kuma dole ya yi ɗaya daga cikin uku: ya gyara, ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Kai kwana goma sha shida kawai ka ci. Rubutun da ke ƙasan rasit kuwa bai fi ƙarfin doka ba, domin dokar ta hana mai sayarwa gindaya sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin mayar da kaya masu aibi. Ya buga shi da jan tawada, ya liƙa a ƙofar shago, duk ɗaya ne.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya yi karatun babin ciniki ya ji hiyarul aibi, wato zaɓin da mai saye yake da shi na warware ciniki in ya gano aibin da ba a bayyana masa ba. Na lura wannan maganar ta fi saurin shiga kunnen wasu 'yan kasuwa fiye da lambar sashe.

Batun "je ka nemi kamfani" shi ne inda aka fi yi wa mutane wayo. Garantin kamfani, wanda galibi shekara guda ne, wasu biyu, alkawari ne tsakaninka da kamfanin, ƙari ne a kan haƙƙinka. Bai sauke wa mai shago nasa nauyin ba, tunda shi ya karɓi kuɗinka. In ya ce shi zai kai cibiyar gyara ta kamfani, babu laifi, amma ya ba ka takarda mai ɗauke da ranar da ya karɓa, lambar siriyal, da ranar da zai dawo maka da shi. Kada ka bar talabijin a shago a kan "ka dawo jibi" ta fatar baki. Na ga wanda jibinsa ta kai wata huɗu, daga ƙarshe aka ce masa ai lokacin ya wuce.

Abin da zan roƙe ka: kada ka kai wa mai gyaran unguwa ya buɗe. Da zarar an kwance kusoshin baya an yaga tambarin da ke liƙe, garanti ya tashi, mai shago kuma ya sami bakin magana. Ka ɗauki bidiyon layin da wayarka, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan talabijin mai lambar samfuri da siriyal, da rasit, da shaidar tura kuɗi in ta banki ka biya. Ka tura wa mai shagon saƙo a rubuce, ko ta WhatsApp ne, ka faɗi abin da ya faru da abin da kake nema. In ya ƙi, ka je wurin shugabannin layin ko ƙungiyar 'yan kasuwar, sau da yawa a nan magana take mutuwa, don ba mai son a zauna a kansa gaban abokan sana'a. In abin ya faskara, ka shigar da ƙorafi a FCCPC ta shafinta na intanet, kyauta ne. Wasu jihohi, irin su Kano da Legas, suna da tasu hukumar ta kare masu saye. Kotu ma a buɗe take. Kuma dokar ta ce in aka yi zargin kaya na da aibi, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Gombe: Na saya wa 'yata talabijin na kayan ɗaki, da aka kafa sai na ga ya yi ƙanƙanta a falon. Lafiyarsa lau. Dole ne su karɓa su ba ni babba?

Amsa: Hajiya, a nan kam ba dole. Doka ta tsaya wa wanda aka sayar wa kaya mai aibi, ko wanda aka ba shi abin da ba shi aka siffanta masa ba, ko wanda ya faɗi buƙatarsa a fili aka ce kayan za su biya ta sannan suka gaza. Misali, da kin ce kina son mai dikodar tauraron ɗan adam a ciki aka ce yana da ita, kika je gida babu, da kina da hujja. Amma canza ra'ayi sai alfarma. Ki mayar da shi cikin kwalinsa da soson da ke tare shi, da rimot da ƙafafu, ki ce za ki cika kuɗi ki ɗauki babba. Ɗan kasuwa da wuya ya ƙi cinikin da zai ƙara masa riba.

Tambaya daga Sakkwato: An sayar mini da talabijin da sunan Samsung 4K mai inci 55 a kan kuɗin da bai kai rabin na sauran shaguna ba. Abokina ya ce jabu ne. Ya zan gane?

Amsa: Araha ba ta ado, ɗan'uwa, farashin ma ya isa ya sa ka tsargu. Amma ga gwajin da za ka yi yau da dare. Talabijin masu intanet na Samsung suna aiki da manhajar Tizen ne tun 2015, na LG kuma webOS. In ka kunna ka ga tambarin Android ya fito a kan mai sunan ɗaya daga cikin waɗannan biyun, suna kawai aka liƙa. Sannan ka shiga saiti, wajen bayanin na'ura, ka gwada lambar samfuri da siriyal da ke can da ta bayan talabijin da ta jikin kwali. Ukun su zama ɗaya. Ka samo tef ɗin tela ka auna gilashin daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama, ban da firam, haka ake auna inci. Mai inci 55 zai ba ka kusan santimita 140. Masu jabu sukan sa mai inci 50 a kwalin 55, sun san ba mai aunawa.

4K na gaskiya ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye. Full HD 1920 da 1080, ƙananan kuma 1366 da 768. Wasu na jabun suna karɓar hoton 4K su matse shi su nuna a kan gilashin Full HD, don haka ganin 4K a kusurwar allo ba hujja ba ce. Ka haɗa shi da kwamfuta ta wayar HDMI ka buɗe ƙananan rubutu: a kan na gaskiya harafi zai fito tas, a kan ɗayan gefensa zai yi dishi-dishi. In ya tabbata jabu ne, kada ka yarda da gyara ko ragi, kuɗinka za ka nema, domin ba abin da aka siffanta maka aka ba ka ba. Fatana dai rasit ɗinka ya rubuta suna da samfuri. In "TV 1" kawai aka rubuta, aikin zai yi wuya, sai ka dogara da kwali da saƙonnin da kuka yi.

Tambaya daga Kano: Na sayi na hannu, ɗan Kwatano, an ba ni garantin sati ɗaya. Rana ta goma aka kawo wuta mai ƙarfi ya mutu.

Amsa: Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma an faɗa maka na hannu ne. Ƙonewa saboda wuta kuwa ko sabo ne, yawancin takardun garanti sun cire ta. Wutar gidajenmu bolt 230 ya kamata ta zama, amma kai ma ka san yadda take hawa da sauka, musamman lokacin da aka dawo da ita ko aka juya daga janareta. Kai shi wurin mai gyara ya duba ɓangaren wutar da ke cikinsa, sau da yawa fis ne ko wasu 'yan ƙananan kaya suka tafi, gilashin lafiyarsa ƙalau. In ya tashi, ka sa masa sitabilaiza ko ƙaramin soket ɗin nan mai jinkirta wuta na 'yan mintuna kafin ya sake ta, ka kuma riƙa zare shi daga bango in hadari ya haɗo, har da wayar dish, don tsawa ta nan ma tana shigowa.