Ango, kafin ka taho da amarya Ingila

Ƙanena, saƙonka ya iso ni a nan Lids. Allah ya sanya albarka a auren, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Ka ce jami'a ta ba ka gurbin digiri na uku, kana so ku taho tare da amarya, kana tambaya ko inshorar lafiyarka ta wurin aiki za ta riƙe ku a nan. Ba za ta riƙe ku ba. Katin NHIA ɗinka, na hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, a gida yake aiki, yana ƙetare iyaka ya zama takarda.

Amma kada ka yar da shi. Tun kana Gombe ka je ofishin ma'aikata can Kashere ka sa sunanta, domin tsarin yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. In bizarta ta yi jinkiri ta zauna Pantami wajen Hajiya, da shi za ta ga likita. Ka kuma duba fom ɗin fansho da inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza albashin shekara sau 3. Na san tun kana gwauro sunan Baba ka rubuta a wurin makusanci, shi kuwa Allah ya yi masa rasuwa. Ka gyara. Rabon gado na shari'a ne, amma sai an san wanda za a kira.

A nan kuwa, kuɗin lafiya, wanda ke ba baƙo damar zuwa asibitin gwamnati, tare da biza ake biyansa, dunƙule. Ɗalibi fam 776 a shekara, matarsa ma haka. In shekara 4 ce, ku biyu fam 6,208 ke nan, kafin ku taka jirgi. Ka ci sa'a digiri na uku ne, don tun Janairun 2024 aka hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali.

Abin da nake roƙonka don Allah, kada wani ya ruɗe ka cewa ta fara shigowa da bizar ziyara don ta fi araha. Wani maƙwabcina ya yi haka, matar tana da juna biyu. Asibiti bai kore su ba, ta haihu lafiya. Bayan suna sai ga ambulan ta ramin ƙofa, da takardar kuɗin asibiti a ciki. A ɗakina ya buɗe ta, hannunsa na rawa, yana ta salati: dubban fam. Ga shi bashin asibiti kan iya hana mutum biza nan gaba. Wadda aka biya mata kuɗin lafiya kuwa, awo da haihuwa ba ta ƙara ko kwabo.

In ka sayi mota, kada ta taɓa sitiyari sai ka sa sunanta a inshorar, in ba haka ba tarar fam 300 ce, a kuma iya ɗauke motar.

Ka turo mini takardar jami'ar mu zauna mu yi lissafin tare. A gaida Hajiya da amaryarmu.