Horon mako biyu ya isa in fara sana'ar haɗa sola?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne daga Darazo, shekara uku ke nan da gama sakandare ba aikin yi. Na ji za a yi horon mako biyu kan haɗa sola a cikin garin Bauchi, har da takardar shaida. Idan na yi, zan iya kama sana'a a ƙauyukanmu da ba wuta, ko gara in nemi maigida in koya a hannunsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je horon, amma a mako biyu sunayen kaya za ka sani, da yadda ake ɗaure fanel a kan kwano. Wannan kuwa yanzu kowa na iyawa.

Kasuwa dai akwai ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai cajin waya da mai shago da manomin rani duk sun gaji da janareto. A ƙarshen 2023 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na samar da wutar sola a wuraren da ba wuta, wanda hukumar REA mai kai wuta karkara ke gudanarwa. Kamfani zai zo ya kafa ya tafi, gyara kuma sai ɗan gari.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo lissafi ne. Ɗauki mai shago da ƙwan fitila 4 masu wat 10, awa 6 a dare: 4 sau 10 sau 6, wat-awa 240 ke nan. Fanka mai wat 60, awa 8: 480. Talabijin mai wat 80, awa 5: 400. Jimla 1,120. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma in na ruwa ne rabinsa kawai ake ci, wato 1,200, in ba haka ba ya mutu da wuri. Inbata ma, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, tana cin nata rabon. Ka ga ashe batir ɗaya bai ishe shi ba, alhali da ido sai ka ce ya yi yawa. Sannan bayan ka tafi sai ya jona firiza bai gaya maka ba, wata shida batir ya kwanta, a kasuwa a ce kai ne ka sayar masa da jabu. Don haka ka riƙa rubuta wa mutum abin da zai jona da wanda ba zai jona ba.

Wani lokacin hunturu an kira ni wani ƙauye kan rijiyar burtsatse mai aiki da sola ta daina ba da ruwa, har an fara karo-karon kuɗin sabon famfo. Da na hau, ƙura ce ta lulluɓe fanel ɗin har kana iya rubuta sunanka a kai, ga waya ɗaya ta saki a mahaɗa. Bokitin ruwa da sukundireba suka gama aikin. Kwana da kwanaki mata na zuwa rafi saboda ba yaro ɗaya a garin da aka nuna wa wannan. Af, da sassafe ko da yamma ake wanke fanel, ba da tsakar rana gilashi na zafi ba, kuma a nan wajenmu kudu ake fuskantar da shi, a ɗan karkace don ruwan sama ya riƙa wanke shi.

Bayan horon ka zauna da maigida ko da wata shida zuwa shekara. In ka ga ɗaukar tsani kawai yake sa ka, bai taɓa miƙa maka mitar gwajin wuta ka gwada ba, ka canza wuri. Batun takarda, ka nemi ta gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, daga baya lasisin hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki, don su kamfanoni ke tambaya. In da hali, akwai sashen lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi.

Kuɗin farko da ya shigo hannunka, ka sayi mitar gwaji mai kyau. Allah ya sa albarka.