Tambarin kofi mai ɗauke da gadon Sifaniya: daga ina za a fara?

Malam, ka ce kana son tambarin kamfanin kofi, wato gahawa, da zai nuna al'adun gado na Sifaniya, kuma kana tunanin zana bijimi da launin tutarsu, ja da rawaya. Ni dai ina roƙonka ka bar bijimin nan. Kowa ya yi shi, kuma baƙin bijimin da ake gani a gefen titunan ƙasar alamar kamfanin Osborne ce mai rajista, kada ka jawo wa kanka shari'a.

Ka koma ga tayil ɗinsu na bango, wanda suke kira azulejo, sunan ma daga Larabci ya samo asali. Ka nemo hotunan fadar Alhambra da ke Granada, ka kalli yadda taurari masu kusurwa takwas suke sarƙe da juna tun zamanin Andalus. Ɗauki tauraro ɗaya tak, ka sa ƙwayar kofi a tsakiyarsa, tsagar nan tata ta fito sosai. Wallahi ya wadatar. Launi kuwa, shuɗi mai duhu a kan fari irin na tangaran garin Talavera de la Reina, da ɗan ɗigon rawaya.

In kana son hoton abin sha, ka tuna a ƙaramin kofin gilashi aka fi shan cortado, wato gahawarsu mai ƙarfi da ake sa wa ɗan madara.

Kafin ka biya mai zane, ka buga tambarin baƙi da fari, ka ƙanƙance shi kamar farcen babban yatsa. In tauraron ya cakuɗe, ka rage layukan.