Ummi, ƙawarki ba gudu take yi ba

Ummi na ga saƙonki tun jiya, wannan ciwon gwiwar ne ya hana ni zama in amsa miki. Kin ce malaminku na turanci ya koya muku fast wai sauri ne, sai kuma ƙawarki kirista ta ƙi cin naman da kika miƙa mata ran juma'a ta ce tana fast, shi ne kike tambaya ko su ma suna azumi, kuma me ya haɗa azumi da sauri. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai.

Suna yi mana. Nasu kwana 40 ne kafin Ista, ba a lissafa lahadi a ciki, yana farawa ran Larabar Toka, ranar da za ki ga 'yan Katolika da toka a goshi sun fito daga coci. Amma ba irin namu ba ne da ko ruwa ba a kurɓa daga asuba har magariba, su suna shan ruwa, abinci suke ragewa, juma'a kuma ba nama sai dai kifi, to kin ga ba wulaƙanta ki ta yi ba kar ki riƙe ta a rai.

Kalmar kuwa, a tsohon turanci ma'anarta abu ya kafu, ya riƙu gam. Mai azumi ya riƙe kansa ke nan. Shi ya sa a jirgin sama ake cewa fasten, wato ki ɗaure bel. Saurin daga baya ya shigo. Kuma breakfast da kuke ta faɗa kullum, ki raba ta biyu, break da fast ne, an karya azumin dare, kusan yadda muke cewa karya kumallo.

Ni abin da ke ba ni mamaki da ku yaran yanzu, kuna ganin turanci ne kawai mai wannan rikici. Ke da kike cewa wuyanki na ciwo kuma ki ce jarabawa ta yi wuya, wa ya taɓa ruɗewa? Gari fa, wanda ake zama a ciki da wanda ake tuƙa tuwo da shi, a baki muryarmu ke raba su amma a rubuce iri ɗaya ne sak. Lokacin da nake koyarwa a firamare akwai wata malama bayarabiya da ta karanta "an yi fari bana" ta ɗauka fenti aka yi wa makaranta, yara suka yi ta dariya har sai da na ɗauko bulala.

Abin da ke gefen kalmar za ki riƙa dubawa. In mota ce ko mai gudu, sauri ne, in an ambaci abinci ko coci ko Ramadan azumi ne. Juma'a mai zuwa ki soya mata kifi. Ki gaida mamanki, ki ce mata man zafin nan ya ƙare.