Ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar waken suya cuta ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bana na shuka waken suya. Da na tuge wani tushe sai na ga saiwarsa cike da ƙananan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Maƙwabcina ya ce cuta ce, in nemi maganin feshi. Yaya zan yi?
— Wani manomi daga Giwa, jihar Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka kashe ko sisi a kan feshi tukuna. Koma gonar, ka tono tushe ɗaya a hankali, ka sa farce ka fasa ƙulli guda. In ka ga cikinsa ja-ja, to ka yi hamdala. Wata bakteriya ce, wato ƙaramar halitta da ido ba ya gani, mai suna rizobiyam, ta shiga saiwar ta zauna. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin nan da kake saye da tsada a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Bakteriyar ce ke sarrafa mata shi, ita kuma shukar tana ciyar da ita da sukarin da ganye ke haɗawa. Gyaɗa da wake ma haka suke. Shi ya sa masarar da ta biyo bayansu a gona kan fi kyau.

Sai dai maƙwabcinka bai yi maganar banza ba. Akwai wata tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, mai kumbura saiwa. Ga bambancin: ƙullin bakteriya a gefen saiwa yake liƙe, da ka murza zai ɓalle, na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake zuba wa waken suya yuriya da yawa. Shuka in ta samu naitirojin a ɓagas sai ta rage yin ƙullin, ka ga an yi asara biyu. Takin supa, mai sinadarin fosfaros, ta fi bukata.

Baɗi, in Allah ya kai mu, nemi garin bakteriyar nan, irin su NoduMax na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. A inuwa za ka cuɗa shi da iri, da ɗan ruwan ƙaro don ya kama, ka shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Halittu masu rai ne a cikin garin, zafin rana na kashe su, don haka kada ka sayi wanda aka shanya a bakin shago.