Amsar Kawu: Yadda Hausa Ta Zama Harshen Sujada a Majami'armu

Ɗiyata, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Saƙonki ya iso lafiya. Kin ce abokan karatunki a Jos sun tsare ki da tambaya: mu ba Hausawa ba ne, majami'armu kuma ta Methodist ce, to me ya sa muke sujada da Hausa, kuma me ya sa tsofaffi har yau suke kiran ikkilisiyarmu "EKAN Muri"? Kin kyauta da kika tambaya tun muna da rai.

Sunan Methodist baƙo ne a garinmu, daga baya ya zo. Waɗanda suka kawo bishara ƙasarmu ta Muri, a Jihar Taraba ta yau, sun zo ne a ƙarƙashin mishan ɗin SUM, wato Sudan United Mission, wanda wani Bajamushe, Karl Kumm, ya kafa. A 1904 suka fara sauka a Wase. Kalmar Sudan da ke cikin sunansu ba Sudan ta Hartum ba ce, a lokacin haka ake kiran faffaɗan yankin da ke bin gefen Sahara ta kudu. Wani Ba'amurke mai suna Guinter ya iso a 1906, ya yi shekaru a wajen Wukari, sannan a 1923 aka buɗe tasha a Bambur, cikin duwatsun Wurkum. Shi ya sa asibitin Bambur yake ɗauke da sunansa. Ikkilisiyar da ta aiko shi Evangelical ake ce mata. Can Amurka ta haɗu da wata a 1946, sannan a 1968 su biyun suka haɗe da Methodist a birnin Dallas. Mu muna nan muna noman dawa, ba mu san ana ɗaura mana aure a wata ƙasa ba. Allon ƙofar majami'a ya ce EKAS, wato Ikkilisiyar Kristi a Sudan, ya koma EKAN, Ikkilisiyar Kristi a Nijeriya, sai cikin shekarun 1980 ya zama United Methodist, kuma a 1992 muka sami bishop namu na farko, Done Peter Dabale. Bakin tsoho ba ya saurin sauya suna, shi ke nan dalilin "Muri".

Amma ba Bature ne ya kafa majami'ar garinmu ba, wannan ki riƙe shi da kyau. Wani mai bishara ne baƙar fata aka turo daga Bambur, da buhunsa a ka da matarsa a baya. Shi ba ya jin yarenmu sosai, mu ba ma jin nasa. Abin da ya haɗa mu shi ne Hausar kasuwa, wadda iyayenmu suke sayen gishiri da kanwa da ita. Ga shi kuma tun 1932 an buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, alhali yarenmu ko haruffa bai samu ba tukuna. Ki dubi ƙasarmu: Kulung, Piya, Jenjo, Mumuye, kowane dutse da harshensa. In an taru babban taro, da wane baki za a yi addu'a? Ba wanda ya zauna ya yanke doka, larura ce ta zama al'ada.

Kakanki, wato babana, a gindin tsamiya ya koyi karatu, yana magidanci da 'ya'ya uku. Da yatsa suke rubuta baƙaƙe a ƙasa, in an gama a share da tafin hannu. Ba a yi wa mutum baftisma sai ya daɗe a aji, an ga zamansa da maƙwabta, an ji ya iya karanta aya da kansa. Majami'ar farko ta laka ce da jinka, kujerun ma laka ne, in damina ta yi ƙarfi sai kowa ya zo da buzu ko tabarma. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ce da aka rataye a reshe, ni na buga ta shekara da shekaru ina yaro, har yau ina jin yadda ƙarfen yake girgiza mini hannu da sanyin asuba. Baiko kuwa ba kuɗi ba ne: damin dawa, kwaryar gyaɗa, ƙwai biyu a ƙunshe cikin ganye. Abin da kike gani ranar godiyar kaka, daga nan ya samo asali.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da yake ci mini rai. Hausa ta haɗa mu da 'yan'uwa na ikkilisiyar COCIN da sauran ikkilisiyoyin TEKAN, wato Tarayyar Ikkilisiyoyin Kristi a Nijeriya, Littafin Waƙoƙi ɗaya muke buɗewa, wannan albarka ce. Amma ta kuma shiga ɗakunanmu har ta kori yaren gida. Ku yanzu kuna gaishe ni da Hausa, 'ya'yanku za su gaishe ku da Turanci. Matan Zumunta, ƙungiyar mata ta majami'a, su ne kaɗai suka riƙe mana wani abu, domin su in tulu ya fara amo da caki, sai su bar littafi su koma waƙoƙin da iyayensu suka tsara da yarenmu. Kakarki ba ta taɓa yin addu'ar kuka da Hausa ba. Ranar da aka binne yayana, da yare ta yi magana da Allah, majami'a ta yi tsit.

Rabuwar da ta auku a ikkilisiya a 2024 ba zan shiga cikinta a rubuce ba, sai mun zauna, don ta taɓa gidaje da yawa, har da namu.

In Allah ya kai mu Kirsimeti, ki zo da wayarki cike da caji. Tsofaffi uku suka rage a Zumunta da suka san waƙoƙin nan daga farko har ƙarshe, na riga na yi musu magana, sun ce ki same su bayan sujadar yamma. Ki gaida mamarki, ki ce mata maganin ƙafa ya iso.

Kawunki.